Fim Ɗin da Ake Tsayarwa Don 'Yan Kallo Su Yi Magana: Tarihin Ƙungiyar Cine Liberación ta Ajantina

A ƙarshen shekarun 1960 an yi wani fim a Ajantina wanda ba a tallata shi a jarida, ba a liƙa fastarsa a bango, ba a kuma sayar da tikitinsa a ƙofar silima. Wanda za shi kallo, wani amintacce ne zai raɗa masa wuri da lokaci. A shiga gidan da ɗai-ɗai don kada maƙwabta su tsargu, a ja labule, a kunna majigi. Tsawonsa awa huɗu da minti 20. Ana tsaka da kallo sai hoto ya ɗauke, allo ya yi baƙi ƙirin, a sanar cewa an bar wannan fili don mai jagorantar zama ya karɓi magana. Sai a tsayar da inji, a kunna fitila, leburan masana'anta da ɗalibin jami'a da malamin makaranta su dubi juna, su shiga muhawara a kan abin da suka gani da abin da ya kamata a yi gobe. In sun gama a ci gaba. In muhawara ta ja har dare ya raba, sauran fim ɗin ya jira wani zaman.

Sunan fim ɗin La hora de los hornos, wato "Lokacin Tanderu". Waɗanda suka yi shi sun kira kansu Grupo Cine Liberación, ƙungiyar silimar 'yantarwa. A ganina wancan baƙin allon ya fi duk hotunan da suka ɗauka muhimmanci. Tarihin ƙungiyar kuwa bai wuce labarin yadda suka buɗe wa talaka wannan fili ba, da yadda siyasar da suka runguma ta zo daga baya ta cike shi da muryar mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Juan Domingo Perón, kuma ba a gane komai a wannan labari sai an san matsayinsa a zuciyar ma'aikatan ƙasar. Soja ne. Ya riƙe ofishin ƙwadago, ya ƙara albashi, ya ba ƙungiyoyin ma'aikata ƙarfi, har 'yan'uwansa sojoji suka ji tsoronsa suka tsare shi. Ranar 17 ga Oktoba 1945 ma'aikata suka yi dafifi daga unguwannin bayan gari zuwa dandalin Plaza de Mayo da ke tsakiyar Buenos Aires, ba su watse ba sai da aka sako shi. Ya ci zaɓe a 1946, shi da matarsa Eva suka zama uwa da uba ga talakawa, ko da yake gwamnatinsa ta matsa wa jaridu da 'yan adawa lamba. A Yunin 1955 jiragen sojan ruwa suka yi luguden bama-bamai a wannan dandalin, suka kashe mutum sama da 300. A Satumba aka hamɓarar da shi. A 1956 sojoji suka kafa doka mai lamba 4161 wadda ta haramta ambaton sunansa, da rataya hotonsa, da rera waƙar jam'iyyarsa. A Yunin shekarar aka kwashi wasu fararen hula da ake zargi da goyon bayan wani yunƙurin tawaye, aka kai su wani juji a José León Suárez aka buɗe musu wuta. Wasu sun mutu, wasu sun tsira. Cikin waɗanda suka tsira akwai Julio Troxler. A riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

Aka yi ta zaɓe ba tare da jam'iyyar da ta fi kowace jama'a ba, gwamnatocin farar hula suna hawa sojoji suna turewa. Ranar 28 ga Yuni 1966 Janar Juan Carlos Onganía ya kifar da Shugaba Arturo Illia, ya rufe majalisa, ya soke jam'iyyu duka. Wata guda bayan haka 'yan sanda suka kutsa Jami'ar Buenos Aires suka lakaɗa wa malamai da ɗalibai duka da kulake. A lardin Tucumán gwamnati ta soma rufe masana'antun sukari, har guda 11 suka tsaya, dubban iyalai suka rasa abinci suka bazama neman aiki a wasu garuruwa.

Cikin wannan yanayi mutum biyu suke ɗaukar fim a ɓoye. Fernando Solanas, wanda ake wa laƙabi da Pino, an haife shi a 1936, sana'arsa yin tallar talabijin da silima, kuma da kuɗin tallar ya riƙa sayen faifai yana biyan kuɗin wankin hoto. Octavio Getino an haife shi a León ta Sifaniya a 1935, ya zo Ajantina yana matashi, ya yi aikin masana'anta, ya shiga harkar ƙwadago, yana rubuta gajerun labarai. Na ukunsu Gerardo Vallejo ɗan Tucumán ne, ya koyi aiki a makarantar fim da darakta Fernando Birri ya kafa a Santa Fe a 1956, kuma ya san gidajen masu saran rake ciki da waje. Da kyamarar milimita 16 suka zaga ƙasar, suna hira da 'yan ƙwadago, da manoma, da 'yan asalin ƙasar da aka kora gefe, suna kuma tattara tsofaffin hotunan labarai da gwamnati ke son a manta. Tunda ba wurin da za a kammala irin wannan aiki a cikin gida ba tare da an kama mutum ba, sai suka fitar da kayan zuwa Roma, inda darakta Valentino Orsini ya taimaka musu aka gama haɗawa.

Fim ɗin kashi uku ne. Na farko, mai kusan awa ɗaya da rabi, shi ne ya zaga duniya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Maganarsa ita ce Ajantina ta samu tuta da taken ƙasa tun farkon ƙarni na 19, amma arzikinta bai fita daga hannun bankunan Ingila ba sai ya faɗa na kamfanonin Amurka, kuma wasu 'yan tsirarun iyalai masu manyan gonaki da garken shanu su ne dillalan cinikin. Wannan magana an sha rubuta ta a littattafai. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne yadda suka faɗe ta. Solanas ya ɗauko duk dabarun talla da ya ƙware a kai, saurin sauya hoto, manyan haruffa masu tsalle kan baƙin allo, kiɗan ganga mai tayar da tsikar jiki, ya juya su kan masu tallar.

Ga misali ɗaya. Kyamara tana cikin mayanka. Sa na tsaye a matsattsen lungu, mahauci ya ɗaga guduma ya sauke masa a tsakar ka, sa ya durƙushe. Kafin ka sauke numfashi an watso hoton talla: budurwa tana murmushi da kwalbar lemo, sabuwar mota tana walƙiya. A koma mayanka, tumaki a rataye ta ƙafa, jini na bin kwata. A koma talla. Duk wannan kuma wani kiɗa mai laushi na Bach, tsohon makaɗin Jamus, ne ke tashi a ƙasa, irin wanda ake sa wa baƙi a falon masu kuɗi. Ba wanda ya yi maka bayani. Kai da kanka za ka haɗa: naman na fita waje, kayan ƙawa na shigowa, mai gudumar kuma ba ya cikin masu cin ko ɗaya. A wani wurin sun aro hoto daga aikin Birri: yara ba takalmi suna gudu a gefen jirgin ƙasa a kan wata siririyar gada, hannu a miƙe, suna roƙon fasinjoji su jefo musu kwabo. Yaro na kallon sama, sai a yanke zuwa dogayen benayen Buenos Aires. An nuna maƙabartar Recoleta, inda kaburburan attajirai suka fi gidajen rayayyu kyau. An nuna bikin baje kolin shanu na manyan makiyaya, ana yi wa bijimi kirari da asalinsa kamar ɗan sarauta.

Kashin ya ƙare da fuskar Che Guevara, ɗan Rosario ta Ajantina, wanda sojojin Bolibiya suka harbe ranar 9 ga Oktoba 1967 suka baje gawarsa ga 'yan jarida. Idonsa a buɗe. Kyamara ta kafe a kan wannan fuska na mintoci, ba magana, sai ganga. Sunan fim ɗin ma ta hannunsa ya biyo: jimla ce ta José Martí, ɗan kishin ƙasar Kyuba, wadda Che ya sa a goshin saƙonsa na 1967 ga masu gwagwarmaya na nahiyoyi uku.

A Yunin 1968 aka fara nuna shi a bikin finafinai na Pesaro a Italiya, makonni kaɗan bayan ɗalibai da ma'aikata sun girgiza Faransa. Ya samu karɓuwar da masu shi ba su zata ba, daga nan ya bi jami'o'i da ƙungiyoyi a Turai da Amurka. Amma ba don Turai aka yi shi ba. Kashi na biyu, mai kusan awa biyu, tarihin mulkin Perón ne da na turjiyar da ma'aikata suka yi bayan faɗuwarsa: yajin aiki, mamaye masana'antu, buga takardu a ɓoye, duka daga bakin waɗanda suka yi. Kashi na uku shaidu ne da wasiƙu a kan azabtarwa da kuma tambayar ɗaukar makami. A waɗannan kashi biyu ne ake tsayar da majigi, kuma a na uku ne Troxler ya tsaya gaban kyamara ya ba da labarin daren da aka kai su juji.

Dattawanmu a Arewa sun san majigi. Motar gwamnati ta zo dandali bayan magariba, a kafa allo, a nuna fim a kan tsafta ko noman gyaɗa ko ziyarar wani babba, wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da ake so su fahimta. Kayan aikin kusan iri ɗaya ne da na 'yan Cine Liberación: inji mai ɗaukuwa, allo, da mutum mai magana a gefe. Bambancin yana ga inda magana ke fitowa. A majigin gwamnati daga sama take saukowa, jama'a su saurara su watse. A ɗakunan Rosario da Córdoba da La Plata da Tucumán, aikin mai jagora shi ne ya buɗe baki ya miƙa wa jama'a.

Sun tsara abin da kyau. Kowane gari da 'yan ƙungiyarsa masu riƙe da kwafi da inji. Ana nunawa a gidajen mutane, da ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, musamman na ɓangaren CGT de los Argentinos da Raimundo Ongaro ya jagoranta daga 1968, da ɗakunan taron wasu coci-coci inda limaman Katolika masu ra'ayin talakawa suke. Mai jagora yana da ikon zaɓen kashin da ya dace da mutanen da ke gabansa, ya tsallake wani, ya maimaita wani. Ana karɓar gudummawa don a biya kuɗin kwafi. Ana zagayawa da mate, ganyen shayin da suke zuƙa da bututun ƙarfe daga ɗan ƙoƙo ɗaya, don baƙo ya saki jiki da baƙo. Hujjarsu ita ce duk wanda ya taka ƙafa ya zo, ya san in 'yan sanda suka dira har da shi za a tafi, don haka tun daga bakin ƙofa ya tashi daga ɗan kallo ya zama ɗan ciki. A wajen zama sukan rataya ƙyalle ɗauke da maganar Frantz Fanon, likitan nan ɗan Martinique da ya shiga yaƙin 'yancin Aljeriya: duk ɗan kallo ko matsoraci ne ko maci amana.

Wannan magana ta yi mini tsauri, kuma ina ganin ta yi wa mutane da yawa rashin adalci. Uwar da ta hana ɗanta fita don shi kaɗai gare ta ba maciya amana ba ce. Amma a tuna cewa mai ƙyallen yana magana ne a ƙasar da ambaton suna ke kai mutum kurkuku, inda shirun masu hali ya daɗe yana ba azzalumi ƙafa.

Ranar 29 ga Mayu 1969 ma'aikatan kamfanonin mota da na lantarki da ɗalibai suka ƙwace birnin Córdoba daga hannun 'yan sanda, sai da aka turo sojoji. Ƙarshen Onganía ya soma daga nan, a 1970 ya sauka. Ga 'yan ƙungiyar, abin da fim ɗinsu ya hango ne ya tabbata. A Oktoban 1969 Solanas da Getino suka buga wata maƙala a mujallar Tricontinental ta Havana, mai suna Hacia un tercer cine, wato "Zuwa ga Silima ta Uku". Silima ta farko, a cewarsu, ita ce ta Hollywood da masu kwaikwayonta: haja ce, ɗan kallo kuma mai saye. Ta biyu ita ce ta darakta mai fasaha da ke faɗin ra'ayinsa, kamar sabbin daraktocin Faransa. Ya yi ƙoƙari, amma yana cikin katangar kasuwa, tana iya haɗiye shi ta sayar da tawayen nasa. Ta uku ita ce wadda tsarin ba zai iya haɗiyewa ba, don an yi ta ne da nufin yaƙarsa, daga neman kuɗi zuwa ɗauka zuwa rarrabawa. Sun ce kowa a cikin ƙungiya ya iya kyamara, ya iya sauti, ya iya inji, don in an kama ɗaya aiki kada ya tsaya. Sun kira majigi bindiga mai harba hoto 24 a daƙiƙa.

Maƙalar ta yi tafiya fiye da fim ɗin. A Disambar 1973 masu shirya finafinai daga Afirka da Latin Amurka da Asiya suka taru a Aljiyas a kan irin waɗannan tambayoyi, aka sake zama a Buenos Aires a 1974. Teshome Gabriel, malami ɗan Habasha a Jami'ar California ta Los Angeles, ya faɗaɗa ra'ayin a littafinsa na 1982, ya shigo da finafinan Afirka ciki. Masana kan lissafa aikin Med Hondo na Muritaniya a wannan layi, ciki har da fim ɗinsa na 1986 a kan Sarauniyar Lugu ta ƙasar Nijar da ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. 'Yan gurguzun Turai da suka yi wa kashi na farko tafi, da yawa sun yamutsa fuska a kan na biyu, don a wurinsu Perón soja ne mai sha'awar salon Mussolini, ɗan kama-karyar Italiya. Sau da yawa kashi na farko kaɗai ake nunawa a waje. Amsar Solanas da Getino tana da ƙarfi: ma'aikacin Ajantina na zahiri, mai shan duka a yajin aiki, ɗan Perón ne, wanda kuwa ke son tafiya da ma'aikata dole ya same su inda suke, ba inda littafi ya ce su kasance ba. Na yarda da rabin wannan. Inda na rabu da su shi ne sun ɗauka son da talaka ke yi wa Perón da abin da Perón ke nufi da talaka abu ɗaya ne.

Perón yana gudun hijira a Madrid yana kiɗa ganga biyu. Matasa masu ɗauke da makami, irin su Montoneros, yana aika musu da yabo. Manyan shugabannin ƙwadago da ke cin tuwo da sojoji, su ma yana riƙe da su. A 1971 Solanas da Getino da Vallejo suka je gidansa da ke unguwar Puerta de Hierro suka ɗauki doguwar hira, suka fitar da finafinai biyu, ɗaya a kan tarihin tafiyarsa, ɗaya a kan aƙida da dabarun karɓar mulki. Ba zan raina tasirinsu ba. Matashin da yake jariri a 1955 bai taɓa ganin mutumin nan yana motsi yana magana ba, sai ga shi a bangon ɗaki. Amma dubi abin da ya sauya. A fim na farko, lebura ne ke ba da shaida, allo ya yi baƙi, ɗaki ya ɗauka. A waɗannan, shugaba ne a kujera yana karantarwa na awoyi, abin da ya rage wa ɗaki shi ne ya fahimci darasi. A gidan da suke ɗaukar hirar kuwa, sakataren Perón mai shige da fice shi ne José López Rega, tsohon ɗan sanda.

Akwai wanda ya ƙi bin wannan hanya. Raymundo Gleyzer, haifaffen 1941, ɗan gurguzu ne mai alaƙa da PRT, jam'iyyar ma'aikata ta 'yan juyin juya hali, kuma a 1973 ya kafa tasa ƙungiyar, Cine de la Base. Fim ɗinsa Los traidores, "Maciya Amana", wasan kwaikwayo ne a kan wani shugaban ƙwadago ɗan Perón da ya fara da gaskiya a zamanin turjiya, ya ƙare yana karɓar na goro daga masu kamfani, yana miƙa sunayen 'yan'uwansa, har ya shirya sace kansa na ƙarya don ya ci zaɓen ƙungiya. Gleyzer ya zaɓi labari mai jarumi da mugu saboda ya ga irin abin da ma'aikata ke kallo a talabijin ke nan, ya kai shi unguwannin talakawa da ƙofofin masana'antu. Ya nuna ɓarakar da ke cikin gidan Perón, wadda 'yan Cine Liberación suka sani amma suka yi fatan dawowar maigida za ta ɗinke.

Dawowar ta zo. An yi zaɓe ranar 11 ga Maris 1973, Héctor Cámpora, wakilin Perón, ya ci, aka rantsar da shi ranar 25 ga Mayu, aka buɗe gidajen yari. Ranar 20 ga Yuni jama'a suka yi cincirindo a hanyar filin jirgin Ezeiza don tarbar Perón, sai 'yan bindigar ɓangaren dama na jam'iyyar suka buɗe wa matasan ɓangaren hagu wuta daga kan dandamali. Aƙalla mutum 13 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Cámpora ya sauka bayan kwana 49. A Satumba Perón ya ci zaɓe da kusan kashi 62 cikin ɗari.

A wannan ɗan tsakani 'yan ƙungiyar suka fito fili. A Agustan 1973 aka naɗa Getino shugaban hukumar tace finafinai, mutumin da jiya yake ɓoye gwangwanayen fim. Ya saki finafinan da aka daɗe da hanawa, ya soma shirin sauya hukumar daga mai yanka zuwa mai rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo. Wata uku kawai ya yi, kuma izinin da ya ba wani fim na Bernardo Bertolucci mai ɗauke da tsiraici ya jawo masa shari'a. A ƙarshen shekarar aka nuna kashin farko na La hora de los hornos a gidajen silima da tikiti. Sai dai an taɓa ƙarshensa: an rage tsawon fuskar Che, an shigo da wasu hotuna ciki har da na Perón. Su da kansu suka yi, da hujjar cewa zamani ya sauya, fim ɗin kuma tun asali buɗaɗɗe ne ga gyara. Hujjar ta dace da aƙidarsu. Amma gyaran ya karkata ne zuwa inda mulki yake, kuma wannan ya dame ni.

Ranar 1 ga Mayu 1974, daga barandar fadar gwamnati, Perón ya kira matasan da suka yi masa yaƙi wawaye marasa gemu, suka juya baya suka fice daga dandali. Ya mutu ranar 1 ga Yuli. Matarsa ta lokacin, Isabel, ta hau, López Rega, wanda ya riga ya zama minista, ya zama mai juya akalar gwamnati, kuma shi ne uban ƙungiyar kisa da ake kira Triple A. Ranar 20 ga Satumba 1974 suka sace Julio Troxler suka harbe shi a wani lungu a Buenos Aires. Harsashin gwamnatin sojojin da suka kori Perón bai same shi ba a 1956, na mutanen gidan Perón ya same shi. A lokacin yana cikin 'yan wasan fim ɗin Solanas na gaba, Los hijos de Fierro, wanda bai ga allon silimar ƙasarsa ba sai 1984. An dasa bam a gidan iyayen Vallejo a Tucumán, ya bar ƙasar. Ranar 24 ga Maris 1976 Janar Jorge Rafael Videla ya karɓi mulki. Getino ya tsere Peru, daga baya Meziko. Solanas ya ƙare a Paris. Ƙungiyar ta watse ba tare da wani ya sanar ba.

Gleyzer yana Amurka ana dab da haka, ya dawo. Ranar 27 ga Mayu 1976 aka sace shi a Buenos Aires. Waɗanda suka tsira sun shaida an gan shi a sansanin azabtarwa na El Vesubio. Enrique Juárez, wanda ya yi fim a kan tawayen Córdoba, da Pablo Szir, su ma sun ɓace. Hukumar bincike ta 1984 ta tattara sunayen mutum kusan 9,000 da aka ɓatar. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suna cewa 30,000.

Dole a yi maganar makami, don fim ɗin bai ɓoye ba: ya ce zaluncin yau da gobe, yunwa da mutuwar jarirai da kulkin ɗan sanda, shi ma tashin hankali ne, kuma ba abin da zai kawar da shi sai ƙarfi. Rabin farko gaskiya ne, kuma ba fim ɗin da ya nuna shi kamar wannan. Rabi na biyu ya taimaka wajen sa wa dubban matasa imanin cewa nasara na bayan ƙofa, alhali rundunar da ke gabansu ta fi su komai, kuma ba ta da niyyar barin kowa. Alhakin kisan kiyashin yana wuyan waɗanda suka yi shi, ba na ɗora wa mai kyamara ko ƙwayar zarra daga ciki. Amma wanda ya kira majigi bindiga ya ɗauki nauyin faɗa wa masu saurarensa gaskiyar ƙarfin abokin gaba, kuma a nan sun gaza. Abin da zai iya ceto su daga wannan kuskure yana hannunsu tun farko, wato ɗakin da kowa ke da bakin cewa "ban yarda ba". Sun bar shi ya ƙanƙance a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Solanas ya dawo bayan faɗuwar sojoji a 1983. Ya yi finafinai a kan gudun hijira da kewar gida, ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes a 1988. Bakinsa bai mutu ba. Da Shugaba Carlos Menem, wanda shi ma da tutar Perón ya hau, ya shiga sayar da kadarorin gwamnati, ciki har da kamfanin mai na YPF, Solanas ya fito ya kira abin wawaso. A Mayun 1991 wasu 'yan bindiga suka harbe shi a ƙafafu. Ya warke, ya shiga majalisar wakilai a 1993, ya zama sanata a 2013. Korona ta kashe shi a Faransa a Nuwamban 2020 yana jakadan ƙasarsa a UNESCO. Vallejo ya rasu a 2007, Getino a 2012 bayan ya shafe shekaru yana bincike da rubutu a kan tattalin arzikin silimar Latin Amurka.

Da tattalin arzikin Ajantina ya durƙushe a Disambar 2001, aka hana mutane taɓa kuɗinsu a banki, aka kashe masu zanga-zanga a tituna, sai ga ƙungiyoyi da ƙananan kyamarorin bidiyo, irin su Cine Insurgente da Ojo Obrero. Suna kwana da marasa aikin yi a wuraren da suka datse hanya, suna shiga masana'antun da ma'aikata suka ƙwace suna gudanarwa da kansu, kamar masana'antar tayil ta Zanon a Neuquén da ta ɗinki ta Brukman a Buenos Aires, su ɗauka, su dawo su nuna wa mutanen da suka ɗauka, a yi muhawara. Hanyar Cine Liberación ce, amma sunan da ya fi yawa a bakinsu na Gleyzer ne, mutumin da bai jingina kyamararsa da wani shugaba ba. Ranar da aka sace shi, 27 ga Mayu, ita ce yanzu ranar masu finafinan gaskiya a Ajantina. A Yulin 2011 wata kotu a Buenos Aires ta yanke wa tsofaffin hafsoshi biyu ɗaurin rai da rai a kan laifuffukan da aka aikata a El Vesubio. Har yau ba a gano gawar Gleyzer ba.